Sayar da motarka da kanka a Maraɗi: tambayoyi da amsoshi kan damfarar biyan kuɗi ta waya da intanet

Yau mai mota a Maraɗi ba dole ya bar ta a hannun dillalai ba. Hoto biyar ko shida a Facebook ko a zauren WhatsApp na unguwa sun isa, kafin la'asar salula ta fara ƙara. Yawancin masu kiran mutanen kirki ne masu neman abin hawa. Amma a cikinsu akwai waɗanda sana'arsu ke nan, bin tallan motoci suna neman wanda zai saki makulli kafin kuɗi ya tabbata. Duk amsoshin da ke ƙasa kan ƙa'ida guda suka tsaya: mota da makulli da kat giriz (takardar mallakar mota) ba sa barin hannunka sai ka ga kuɗin da kanka, a wurin da mai saye ba shi da iko a kai.

Mai saye ya nuna mini saƙo cewa ya turo kuɗin, ni ma saƙo ya shigo wayata. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Hoton da ke wayarsa ba shaida ba ne ko kaɗan, domin ana gyara tsohon rasit a canza suna da adadi da kwanan wata cikin ƴan mintoci, kuma akwai manhajoji na jabu masu kwaikwayon shafin banki.

Saƙon da ya shigo wayarka ya fi rikitar da mutane. Ta hanya uku ake ƙirƙirarsa. Mafi sauƙi, a kwafi kalmomin saƙon kamfani a turo maka daga lambar mutum, mai alƙaluma 8, da fatan ba za ka dubi inda ya fito ba. Ta biyu, mai saye ya ce ka ara masa wayarka ya kira wani ko ya sa maka lambarsa, sai ya ajiye wata lamba da sunan Airtel Money ko sunan bankinka, daga baya saƙo ya shigo da wannan sunan. Ta uku kuwa ta intanet ake aiko saƙon da sunan kamfanin, har ya kan faɗa cikin jerin saƙonnin gaskiya da ka saba samu. Wannan ta ukun ido ba ya gane ta. Saboda haka kada ka ɓata lokaci kana duba rubutun saƙo, asusun kansa za ka duba.

To yaya zan duba?

Da wayarka, da hannunka, ta lambar duba asusu da ka saba dannawa ko ta manhajar da kai ka sauke tun da. Ka duba abin da ke ciki kafin mai saye ya ce ya tura, ka rubuta a takarda, sannan ka sake dubawa bayan ya tura. Bambancin dole ya zo daidai da kuɗin da kuka yi. Ka ƙidaya sifili da yatsa: 450.000 da 4.500.000 sifili ɗaya ne tsakaninsu, kuma cikin gaggawa da surutun mutane ana ruɗewa.

Kada ka danna wani adireshin intanet da ya turo wai don ka «karɓi» kuɗin. Kada ka kira lambar da ya ba ka wai ta banki ce. Idan kuma ya ce layi ne ba kyau, kuɗin na kan hanya, ka yarda da shi, ku zauna ku jira tare. Motar ma ta jira.

Kuɗin mota duka zai iya shiga asusun waya kuwa?

Yawanci a'a, kuma sanin wannan kaɗai yana tona asirin ƴan damfara da dama. Ƙa'idar babban bankin BCEAO ta shekarar 2015 kan kuɗin lantarki ta ce abin da mutum ɗaya da aka tantance zai riƙe a asusunsa wajen kamfani ɗaya bai wuce sefa 2.000.000 ba, sai da izini na musamman. Ke nan idan Corolla ɗinka ta yi 4.500.000, mutum ya ce ya turo maka su gaba ɗaya cikin asusun wayarka na yau da kullum, akwai magana. Kafin ranar ciniki ka je ofishin kamfanin ka tambayi iyakar asusunka.

Idan kun shirya a biya kashi-kashi, kowane kashi ya shigo ka cire shi ko ka mayar da shi banki kafin na gaba. Dalili biyu ne. Asusun ba zai cika ya ƙi karɓa ba, sannan wanda ya turo ba zai samu damar kiran kamfani ya ce kuskure ya yi, a riƙe kuɗin ana bincike alhali motar ta kama hanyar Damagaram ba. Ka tuna ƙaramin mai shagon cire kuɗi ba lallai yana da miliyan biyu a aljihun tebur ba, babban ofishi za ka nufa.

Ya ce ya aiko ta kamfanin aika kuɗi, Nita ko Al Izza ko Amana, ga kod ɗin karɓa. In ba shi motar?

Kod alkawari ne kawai har sai mai gishe ya ƙirga maka kuɗi. Yana iya zama na ƙarya, ko na kuɗin da aka riga aka karɓa, ko na gaskiya amma adadin 45.000 ne aka gyara hoton rasit ɗin ya koma miliyoyi. Mai aikawa kuma yana iya komawa ya janye kuɗinsa muddin ba a karɓa ba. Ku tafi gishe tare, da katinka na ɗan ƙasa, ka karɓa ka ƙirga. Sunan mai aikawa da ke kan rasit ya zama sunan wanda za a rubuta a takardar sayarwa.

Cek fa, ko turowa daga banki zuwa banki?

A nan ne ƴan kasuwa da suka saba da banki suke faɗawa, saboda saƙon da ke shigowa na gaskiya ne. Idan ka zuba cek na wani banki a naka, adadin kan iya bayyana a asusunka tun kafin bankin mai cek ɗin ya amince. Sai an yi musayar cek tsakanin bankunan, abin da ke ɗaukar ranakun aiki, kuma ba a yin sa Asabar da Lahadi. Idan cek ɗin na sata ne, ko na jabu, ko babu kuɗi a asusun, banki zai zare adadin daga wajenka. Shi ya sa mai wannan dabara yake son ciniki da yammacin Juma'a ko jajibirin salla, yana cewa tafiya ta kama shi.

Akwai wata da ta fi wannan muni. Mutum ya karɓi lambar asusunka, ya je reshen bankinka a Yamai ko Tawa ya zuba cek na sata da sunanka, sannan ya kira ya ce «na yi maka turawa, duba». Ka duba ka ga kuɗi. Tambayar da za ta cece ka ita ce wadda za ka yi wa ma'aikacin banki fuska da fuska: wannan kuɗin tsaba aka zuba, ko turowa aka yi, ko cek ne? Ya tabbata, zan iya cire shi duka yanzu? In ya ce cek ne, ka tambayi ranar da zai tabbata, ka jira ranar.

Cek mai hatimin tabbatarwa na banki ya fi na hannu, amma shi ma ana buga na jabu. Ku je reshen bankin da ya bayar da shi a lokacin aiki su duba. Takardar umarnin tura kuɗi kuwa, ko da hatimi a kanta, tana nuna an nemi a tura ne kawai. Mafi tsafta shi ne ku haɗu a bankin mai saye, ya cire kuɗin a gabanka, ko a mayar da su asusunka idan bankinku ɗaya.

Ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin motar, in mayar masa da ragowar.

Kada ka mayar da ko dala. Ko dai babu abin da ya shigo, ko abin da ya shigo cek ne da zai dawo, ko kuɗin wani ne aka sato. A duk ukun, abin da ka tura daga aljihunka ya fita. Ka lura sau da yawa lambar da zai ce ka mayar wa ba ita ce ta turo ba, wai ta direbansa ce ko ta ƙaninsa. Idan kuskuren gaskiya ne, banki ko kamfanin wayar su ke da hanyar mayar da kuɗi inda suka fito, sai ku je can tare.

An kira ni wai daga kamfani, in faɗi lambobin da suka shigo wayata don kuɗin ya wuce.

Karɓar kuɗi ba ya bukatar lambar sirri. Lambar sirri ta fitar da kuɗi ce. Duk wanda ya ce ka faɗa masa ita, ko ka danna wasu lambobi yana karanto maka, ko ka amince da wani saƙo da ya fito kan allon wayarka, cire kuɗi yake yi daga asusunka. Haka alƙaluma 6 da WhatsApp ke aikowa: wanda ya same su ya ƙwace maka WhatsApp, ya shiga neman rance wajen ƴan uwanka da sunanka, ya kuma ci gaba da tallar motarka yana karɓar kafin alƙalami. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp tun kafin ka saka talla. Idan layinka ya ɗauke haka kawai ana tsakiyar ciniki alhali na maƙwabta na aiki, ka garzaya ofishin kamfanin, mai yiwuwa an sake fitar da layinka a wani kati.

Wani ya rubuto daga Faransa, bai nemi ragi ba, ya ce zai aiko a ɗauki motar.

Mutumin da bai ga mota ba, bai ji ƙarar inji ba, bai ce a rage masa ko jikka ɗaya ba, ba mota yake so ba. Abin da zai biyo baya saƙon imel ne mai tambarin PayPal ko wani banki, wai an riƙe kuɗinka sai ka fara biyan kuɗin jigila ko haraji ta Western Union. Mai sayarwa ba ya biyan kuɗi don a biya shi. Ɗan uwa na gaske da ke waje yana son saya wa gida mota yakan turo wani nasa a Maraɗi ya zo da makanike ya duba, ya yi ciniki, kuɗin ya zo da sunan da aka sani.

Wanda muka yi ciniki da shi a waya ya turo «yaronsa» ya duba motar, ya ce kada mu yi maganar farashi. Akwai matsala?

Akwai babba, kuma wannan ce damfarar da muka fi so kowane mai mota ya fahimta, domin a cikinta kai da wanda ya zo duka ba ku da mugun nufi.

Ga yadda take tafiya. Ka saka Hilux a kan 9.000.000. Ɗan damfara ya kwashe hotunanka ya sake tallarta a wani wuri a kan 6.500.000, da lambarsa. Wani bawan Allah daga Tasawa ya gani ya kira shi. Sai ya ce masa: «Motata ce, tana hannun ƙanina a Ali Ɗan Sofo, je ka gani, amma kada ka yi masa zancen kuɗi, ya so in bar masa ita ne, ransa zai ɓaci.» Kai kuma ya kira ka ya ce: «Alhaji, na saya a yadda ka faɗa. Zan turo wanda zan sayar wa ya duba, don Allah ka ce kai ƙanina ne, kada ka faɗa masa farashi, ka san ɗan abin da zan samu ke nan.» Ka ga kamar dillali ne mai neman la'adarsa, ka amince. Mutumin Tasawa ya zo, mota ta yi masa, takardu sun cika, ya tura miliyan shida da rabi ga wancan. Waya ta mutu. Yanzu ga mutum tsaye a ƙofar gidanka da rasit na gaskiya yana cewa a ba shi motarsa, kai ba ka ga ko sisi ba, kuma da bakinka ka ce masa kai ƙanin mai mota ne. Wannan kalmar ita za ta wahalar da kai a kwamisariya.

Maganinta ba shi da wuya. Duk wanda ya zo ganin mota, kafin ya buɗe gaban inji ka gaya masa abu uku: ni ne mai ita, ga sunana a kat giriz, kuɗinta kaza ne, ni kaɗai ake biya. Kada ka yarda ka amsa sunan ƙanin wani ko direban wani ko don a ba ka ƙari. Dillalin gaske ba ya tsoron a faɗi farashi, ana yanke la'adarsa a fili, a biya shi bayan kuɗin mota ya shiga hannunka.

Mai saye daga Katsina yake, yana so ya biya da naira.

Ciniki da mutanen Jibiya da Katsina da Kano tsohon abu ne a Maraɗi, ba abin tsoro ba ne. Sai dai saƙon shigar kuɗi na bogi ya yi yawa a harkar naira, kuma ko kuɗin ya shiga da gaske, idan daga asusun da aka yi wa kutse ya fito, banki a Najeriya na iya rufe asusun da ya karɓa. Ga kuma canji da ke motsi tsakanin safe da yamma.

Ka yanke farashi da sefa. Shi ya nemi ɗan canjin da ya yarda da shi ya tura masa naira, kai kuma ka karɓi sefa a hannu. Idan ɗan canjinka ne zai karɓa, kada ka saki mota don an ce «an tura masa», sai shi ya ce maka sun shiga, ya kuma miƙo maka sefa. Kada ka kai mota Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya, ko ka tsallaka da ita wai a biya ka a can. A Maraɗi ake biya, a Maraɗi ake miƙa makulli.

In karɓi kafin alƙalami?

Karɓa, amma da rubutu: nawa aka bayar, nawa ya rage, ranar cikawa, da abin da zai faru idan ranar ta wuce. Kafin alƙalami yana sa ka daina tallar mota ne, ba ya ba da izinin tafiya da ita ko da takardunta. Mai cewa «ga rabi, bari in kai wa Hajiya ta gani in dawo» sai ka ce Hajiya ta zo, ko ka tuƙa ku je tare.

Me ya kamata in ɓoye a hotunan talla?

Lambar mota, ka rufe ta. Kada ƙofar gidanka ta fito. Kada ka tura wa kowa hoton kat giriz, takardar duwan ko katinka na ɗan ƙasa ta WhatsApp, domin da su ake gamsar da wani cewa motar ta mai damfara ce. Mai son ganin takardu ya zo ya gani a hannunka, ya gwada lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 da wadda ke jikin mota. Rubuta lambar wayarka a kan kowane hoto, a tsakiya inda ba a iya yankewa, yana rage satar hotuna sosai.

Wajen gwada mota fa?

Da rana, a wurin jama'a, kai da wani naka a cikin motar. Ka ga lasisin tuƙinsa tukuna. Idan za ku canza wuri ya karɓi tuƙi, ka kashe mota ka zare makulli ka fita da shi a hannunka. Takardun asali da makulli na biyu su zauna gida. In zai kai wa makanikensa, ku je tare ka tsaya har a gama.

Ba gara tsabar kuɗi ba kawai?

Ta fi sauƙin tabbatarwa, amma tana da nata haɗarin: jabu da ƴan fashi. Sefa 4.500.000 takarda 450 ce ta jikka goma, kuma ba a tsakar gida da magariba ake tantance irin wannan ba, don ana cusa jabu ko ƴan jikka biyu a tsakiyar ɗauri. Ku haɗu a bankinka, mai gishe ya sa a injin ƙirga, a zuba a asusunka, ka karɓi rasit.

Mai sayen babban mutum ne, ina jin nauyin in nuna ban yarda da shi ba.

Da wannan kunyar ake cin mutane, kuma ƴan damfara sun san ta sarai. Shi ya sa suke zuwa da manyan kaya, da ambaton sunayen mutanen da ka sani, da «haba Alhaji, kamar ni?». Ka faɗi sharaɗinka tun a kiran farko, kafin a san juna, sai ya zama tsari ba zargi ba: «Ranka ya daɗe, yadda nake yi da kowa shi ne mu haɗu a banki da safe, kuɗi na shiga in miƙa makulli da takardu.» Mai niyyar biya wannan tsarin kariya ne gare shi, don shi ma yana tsoron a karɓi kuɗinsa a hana shi mota. Wanda ya fusata ko ya shiga kawo dalilan gaggawa, ka bar shi ya tafi.

Yaya ranar ciniki ya kamata ta kasance?

Ka zaɓi safiyar ranar aiki, Litinin zuwa Alhamis, don a samu lokacin banki da na hukuma a rana ɗaya. Ka zo da shaidu biyu. A fara da kuɗi. Bayan sun tabbata sai a cika takardar sayarwa kwafi biyu: cikakken suna da lambar katin ɗan ƙasa na kowannenku, samfurin mota, lambarta, lambar shasi, kilomitan da ke kan allo, farashi da alƙaluma da kuma kalmomi, yadda aka biya tare da lambar rasit ko ta turawa, kwanan wata da ƙarfe nawa aka miƙa mota. Idan wani ne ya biya a madadin mai saye, a rubuta sunansa shi ma ya sa hannu. Ku kai a buga hatimin tabbatar da sa hannu a ofishin magajin gari ko kwamisariya. Daga nan ne kat giriz, takardar duwan, bizit (takardar duba lafiyar mota) da makullai duka suke komawa hannunsa.

Ka riƙe kwafin komai, ka sanar da kamfanin asirans cewa ka sayar, ka kuma matsa wa mai saye ya canza suna a kat giriz. Muddin sunanka ke kai, in motar ta yi haɗari ko aka kama ta da kayan laifi, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, kuma takardar nan mai kwanan wata da sa'a ita ce za ta fid da kai.

An riga an cuce ni. Me zan yi yanzu?

Sa'o'in farko su ne masu amfani, kada kunya ta sa ka kwana da abin. Fara da kiran banki ko kamfanin da kuɗin ya bi, ka ba su lambar turawar ka nemi su riƙe kuɗin idan ba a cire ba, sannan ka canza lambobin sirrinka. Kada ka goge komai: saƙonni, muryoyin WhatsApp, lambobin da suka kira, hoton shafinsa na Facebook, rasit. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani naka, don mai damfara kan goge nasa ɓangaren.

Ka kai ƙara kwamisariya ko wajen jandarma, ko ka rubuta wa mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Maraɗi. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, kuma damfara ta hanyar sadarwa na cikin abin da take hukuntawa. Idan motar ta tafi, ka ba su lambarta da lambar shasi da launinta nan take, ka nemi a sanar da shingayen hanya, musamman ta Ɗan Isa, domin iyaka ba ta da nisa. Bayan haka wani na iya kiranka ya ce shi jami'i ne ko masanin kwamfuta, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu. Kada ka tura, ka ƙara lambarsa cikin abin da ka kai wa masu bincike.